Irin da ba ya tsirowa sai da funfuna

Duk wanda ya bi hanyar Bichi ko ta Ɗambatta da damina ya san ba a bar ko taƙi ɗaya na ƙasa a banza ba. Gero da dawa da wake sun kai har bakin kwalta, gawo da ɗorawa suna tsaye a tsakiyar gonaki. Abin alfahari ne, sai dai akwai tsirran da irin wannan noma ba ya bar musu wurin zama. Daga cikinsu akwai dangin furen da Turawa ke kira okid.

Yawancinmu a hoto muka san okid, alhali nau'insa ya kai wajen 28,000 a duniya, kuma banila da ake sa wa kek daga gidansu ta fito. Muna da namu na ƙasa a dazukan Arewa, wanda masana ke kira Eulophia. Yana da tushe mai kauri kamar gwaza, wanda ke kwana a ƙasa duk rani, gobarar daji ta bi ta kansa ba ta kashe shi ba. Da saukar ruwan farko sai ya fid da dogon kara mai furanni, wani lokaci tun kafin ganye.

Irinsa ne abin mamaki. Ƙwayar gero tana ɗauke da guzurinta, wato garin da muke yin fura da shi. Ƙwayar okid kuwa kamar ƙura take, dubbai a kwanso ɗaya, ba ta da guzurin ko kwana guda. Ba za ta tsiro ba sai zaren wata funfuna da ke cikin ƙasa ya shige ta. Maimakon funfunar ta cinye ta, sai ita ta riƙa narkar da zaren tana ci, har ta yi ganye. Wani Bafaranshe, Noël Bernard, ya gano haka a 1899. A 1922 Lewis Knudson ya nuna a Amurka cewa ana iya tsirar da irin a kwalba idan an ba shi sukari, amma a daji babu mai ba shi sukari sai funfuna.

Mai karatu zai ce, ina ruwan manomin Kunci da wannan fure? Ruwansa shi ne gero da dawa da wake su ma suna da irin wannan ƙawance, ko da yake da wani dangin funfuna dabam. Saiwa tana ba ta sukari, ita kuma tana jawo mata sinadarin fosfaros daga inda saiwa ba ta kaiwa. Idan ƙasa ta gaji, saiwar takan ƙara fitar da wani sinadari don kiran funfuna, kamar yadda masana a Japan suka tabbatar a 2005. Wannan kiran ne irin wuta-wuta ke jira. Shi ma ƙura ne mai ɗan guzuri kaɗan, yana iya yin shekaru a ƙasa, da ya ji kiran sai ya farka ya kama saiwar. Saboda haka wuta-wuta ta fi addabar gonar da ta rasa taki. Kakanninmu da ke ɗaukar takin bolar birni a kan jakuna zuwa gona ba su san sunan sinadarin ba, amma sun san maganin.

Abin da ke damuna shi ne okid ba ya jure garma. Yana ɗaukar shekaru kafin ya yi furen farko, kuma watsa irinsa inda babu funfunarsa aikin banza ne. Idan akwai saura a arewacin Kano, to a burtali ne, da gefen fadama, da tsofaffin maƙabartu, wuraren da ake ta yankawa ana mayarwa gonaki da filayen gini. Ina ganin ya kamata ɗaliban kimiyyar tsirrai na Jami'ar Bayero su zaga waɗannan wurare a watan Yuni da Yuli, su rubuta abin da suka tarar, su kuma tambayi tsofaffin makiyaya da masu maganin gargajiya sunan da suke kiransa da shi.