Makaranta mai son soja, ko mai son kuɗin soja?

A allonmu na wannan mako mun leƙa Amurka, inda sojan da ya ajiye kaki yake da gatan da ba kowa ke da shi ba: gwamnati ce ke biya masa kuɗin karatu. An fara haka tun 1944, lokacin da Shugaba Roosevelt ya sa hannu a dokar GI Bill domin waɗanda suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu. A 2008 aka yi sabuwar doka mai biyan kuɗin makaranta da na haya da na littattafai, amma na wata 36 kacal. Idan suka ƙare, sun ƙare.

Ra'ayinmu shi ne, tsohon sojan da ke zaɓen makaranta kada ya saurari mai yawan yi masa kirari. Ga dalili.

A can akwai makarantu masu zaman kansu da aka kafa don riba. Doka ta hana su samun fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗin shigarsu daga tallafin ɗalibai na gwamnatin tarayya, sauran kashi 10 sai su nemo a wani wuri. To, sai aka bar ƙofa a buɗe: ba a lissafa kuɗin GI Bill cikin kashi 90 ɗin ba, alhali daga baitulmali ɗaya suke fitowa. Masu son lissafi sun riga sun gano wayon. Duk dala ɗaya da tsohon soja ya kawo, ta ba makarantar damar karɓar wasu dala tara daga gwamnati. Wa zai ƙi irin wannan ɗalibi? Sai aka shiga farautarsu da romon baka, ga tuta a talla, ga kiran waya ba dare ba rana. Kura ce da fatar akuya.

Ƙarshen wasu bai yi kyau ba. Corinthian Colleges ta rufe a 2015. ITT Tech ta bi ta a 2016, rassanta fiye da 130 suka rufe kusan rana ɗaya. Dubban tsofaffin sojoji suka wayi gari ba digiri, watanninsu sun tafi, wasu jami'o'in kuma suka ƙi amincewa da darussan da suka riga suka ci. Sai a 2017 majalisa ta mayar wa waɗanda abin ya shafa watanninsu, a 2021 ta toshe waccan ƙofa. Shekarun da mutum ya ɓata kuwa, ba majalisar da ke iya mayar masa.

Mu da za a tambaye mu, cewa za mu yi a fara da rajista: hukumar da aka sani ta tantance makarantar? Cikin waɗanda suka shiga, nawa suka fita da takarda? Za ta lissafa masa horon da ya samu a soja, ko sai ya koma farko? Akwai kuma abin da talla ba ta nunawa. Mutumin da ya ga yaƙi, mai mata da 'ya'ya, zaune a aji da 'yan shekara 18, yana buƙatar ofishin da ya san takardunsa da kuma wanda zai saurare shi ranar da barci ya ƙi zuwa.

Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. 'Yan SS3 na dab da cike fom ɗin JAMB, kuma mu ma muna da masu romon baka. Hukumar NUC takan fitar da jerin jami'o'in da ta amince da su da na bogi. Muna roƙon Malam mai ba da shawara ya liƙa mana su nan, gefen wannan allo, kafin a fara rajista.