Awa Ɗaya a Sama, Kwana Biyu a Ƙasa: Lissafin Tafiya Daga Ngong

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

'Yan uwa, kakanninmu sun riƙa bi ta Chadi da Sudan zuwa aikin Hajji, wasu su shekara a hanya. Yau daga filin jirgin saman Garwa zuwa Jidda kimanin kilomita 3,000 ne, tafiyar awa huɗu zuwa biyar. Wannan ni'ima ce, mun gode wa Allah. To amma ko ni'imar ta iso ƙofar mutumin Ngong a sauran tafiye-tafiyensa?

Mu duba lissafi. Ta sama, Garwa zuwa Marwa kusan kilomita 160 ne, zuwa Ngaundere kimanin 220, zuwa Yawunde kimanin 650, wato tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci. Ta ƙasa kuwa, mai zuwa Yawunde zai bi kwaltar da ta ratsa garinmu, ya hau tsaunin da ke kafin Ngaundere, ya jira jirgin ƙasa, ya kwana a ciki. Layin dogon ya iso Ngaundere a 1974, kuma har yau nan ya tsaya.

Me ya sa jama'a suke zaɓar wahalar? Na farko kuɗi: tikitin jirgi ya fi ƙarfin manomin da ke jiran cinikin masara da gyaɗa a kasuwar Ngong. Na biyu tsari: jiragen Camair-Co, wanda ya fara tashi a 2011, sun fi haɗa Arewa da Yawunde da Duwala a kan haɗa garuruwan Arewa da junansu. Yola tana da tazarar kilomita 100 da 'yan kai daga Garwa, muna auratayya da fatauci da mutanenta, amma sai dai mota. Na uku hazon hunturu, wanda kan jinkirta sauka da tashi.

Ɗalibai sun san malamanmu na Malikiyya sun auna tafiyar ƙasaru da nisa, kimanin kilomita 80, don haka wanda ya je Marwa ta sama matafiyi ne. Shi kuwa mai jinya da aka tura asibitin Yawunde, da awoyi yake aunawa, domin kowace awa tana iya zama rai.

Saboda haka muke kira ga hukumomi: a gyara hanyar Garwa zuwa Ngaundere, a miƙa layin dogo zuwa Arewa, a tsayar da jadawalin jirage da za a iya dogara da shi. Mu kuma a masallatai mu kafa asusun kai marasa lafiya, domin da abokin ɗaka ake shan gari.

Allah Ya tsare matafiyanmu, Ya mayar da su gida lafiya. Amin.