Wa Ya Ci Ladan Dorugu?

Akwai masu cewa wai duk wanda Turawan da suka ƙetare teku da shi, gata aka yi masa. Wannan magana ba ta da tushe.

Can ƙuryar arewacin duniya, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa, akwai wata al'umma da ake kira Inuwit. Cikin 1577 wani shugaban jiragen ruwa na Ingila, Martin Frobisher, ya kama uku daga cikinsu, namiji da mace da jaririnta, ya kai su Ingila don a sha kallo. Aka zana surarsu, aka sa namijin ya shiga ɗan kwalekwalensa a Bristol yana harbin agwagi. Kafin shekarar ta ƙare duk sun mutu. To, ina gatan?

Mu ma muna da namu. Dorugu Bahaushe ne, mutumin Dambanas ta wajen Kance. Tun yana yaro aka kama shi bauta, har wani Bature, Overweg, ya fanshe shi a Barno. Da Overweg ya mutu cikin 1852, sai ya koma hannun Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, Bajamushen nan da Gwamnatin Ingila ta aiko. Ya bi shi har Tambutu, kuma cikin 1855 Barth ya tafi da shi Ingila tare da Abbega.

Na yarda ba sace shi aka yi ba. Amma duba abin da ya biyo baya. Wani malamin mishan, Schön, ya zaunar da yaron nan yana tatsar bakinsa: labarin rayuwarsa, da tatsuniyoyi, da kalmomi. Da wannan ya ƙarfafa nahawunsa na Hausa na 1862, ya kuma cika Magana Hausa na 1885. Jami'ar Oxford ta ba Schön digirin girmamawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Dorugu ya komo gida, ya koyar a makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa, ya rasu a Kano cikin 1912.

Ku mutanen Kunci da kuka koyi karatu da girmanku, ku tambayi 'ya'yanku 'yan makaranta ko an taɓa gaya musu sunansa. In ba a gaya musu ba, ku je ku tambayi hedimasta dalili.