Yaɓen Masallacin Jenne Da Abin Da Ke Cikinsa

A ƙasar Mali, a bakin kogin Bani, akwai wani tsohon birni wanda fatake da malaman dā suka san sunansa tun kafin a ji sunayen manyan garuruwan yanzu, watau Jenne. A nan ne gishirin da ke biyowa ta Tumbutu yake gamuwa da zinariyar kudu, har yau kuwa kasuwar garin tana ci kowace Litinin a filin da ke gaban babban masallaci. Ana lissafa masallacin nan da cewa shi ne ginin tubali mafi girma a duniya. Amma abin da ya cancanci malamai da attajirai su tsaya su duba shi ne yadda mutanen garin ke riƙe da shi, domin a cikin wannan akwai magana da ta shafi kowane gari da ke da masallaci da kasuwa da samari marasa aikin yi.

Malam Abdurrahman Sa'adi, wanda ya yi limanci a Jenne, ya ambata a cikin Tarihus Sudan cewa wani sarkin garin mai suna Kunburu, da ya musulunta, ya rushe fadarsa ya mai da wurin masallaci. Wannan na fari ya daɗe yana tsaye, har zamanin Shehu Ahmadu na Masina, wanda ya gina wani dabam ya bar tsohon ya zube. Wanda ake gani yanzu an gama shi a 1907, a hannun shugaban maginan garin, Isma'ila Tarawure. An ɗora shi bisa dandamali mai tsawon wajen mita 75 da faɗi kamar haka, an ɗaga shi mita 3 sama da filin kasuwa sabo da ambaliya. Ginshiƙai 90 ne ke ɗauke da rufinsa, a bisan rufin kuma akwai ƙananan kafofi masu murafan yumɓu, in zafi ya tsananta a buɗe su iska mai ɗumi ta fice. Hasumiyoyi uku na bangon alƙibla kowace tana da ƙwan jimina a kanta.

To, ginin ƙasa ba ya zama sai da yaɓe, kowa ya san wannan. Sabo da haka kowace shekara, kafin damina ta sauka, dattawan gari da magina sukan sa rana. Tun saura kwanaki za a haƙo laka daga bakin kogi a zuba cikin ramuka, a gauraya ta da ƙaiƙayin shinkafa, a bar ta ta ruɓa har warinta ya gama unguwa. Yara su ne masu cuɗa ta, da wasa suke yi, suna tsalle a ciki suna kokawa, alhali aikin kwaɓi ne suke yi wanda da kuɗi ma sai an sha wuya a sami mai yinsa haka. Daren da za a wayi gari a fara, garin ba ya barci, ana kiɗa ana dafe-dafe. Da an idar da sallar asuba sai samari su kwasa a guje da kwanduna a kā, unguwa tana tsere da unguwa, 'yan mata suna jigilar ruwa daga kogi, magina suna bisa tsani suna karɓa suna shafawa da tafin hannu, tsofaffin da suka yi nasu zamanin kuwa an ba su wuri a filin kasuwa suna kallo suna gyara wa na sama. Kafin rana ta take, an gama yaɓe ginin da in 'yan kwangila aka ba sai su yi watanni. Babu wanda ke komawa gida da tufa mai tsabta, attajiri da almajiri duk launinsu ɗaya.

Akwai wata hikima a jikin ginin wadda baƙo ke ɗauka ado ce kawai. Itatuwan giginya da ke fitowa jere-jere daga bango, waɗanda suka sa masallacin ya yi kama da bushiya daga nesa, matakai ne da aka dasa tun ranar gini domin mai yaɓe ya sami wurin sa ƙafa. Watau maginan 1907 sun yi gininsu ne da sanin cewa ba zai tsaya ba sai jikokinsu sun hau shi kowace shekara, suka kuwa bar musu hanyar hawa. Yaron da ya taka lakar nan, ya shaƙi warinta, ya ji ganga a ƙirjinsa, ya ci abincin ranar, ya ga sawun yatsun ubansa a bango, ba ya bukatar a tara shi a yi masa lacca a kan kiyaye kayan gari. Ya san inda laka take fitowa, sabo da haka ya san abin da janyewar kogi ke nufi. Ya san giginya ce ke ɗauke da shi, sabo da haka sarar giginya barkatai ba za ta yi masa daɗi ba.

Abin mamaki, masu fasahar Turai a zamanin nan suna kashe dukiya mai yawa neman irin wannan. A watan Disamba 2015, sa'ad da ƙasashen duniya suka taru a Faris, babban birnin Faransa, domin shawara a kan ɗumamar duniya, wani gwani mai suna Olafur Eliasson ya sa aka ɗebo manyan curin ƙanƙara 12 daga tekun Girinlan, nauyinsu wajen tan 80, aka jera su a wani dandali kamar fuskar agogo. Mutane suka riƙa zuwa suna dafa su, suna kara kunne suna jin ƙarar iskar da ta daɗe a kulle ciki tana fashewa, waɗansu har da lasa. Nufinsa shi ne, abin da alƙaluman masana suka kasa shigarwa zuciya, tafin hannu ya shigar. Lalle ya yi tunani mai kyau, domin jiki ya fi kunne ji. Sai dai ƙanƙarar ta narke cikin 'yan kwanaki, masu kallo suka watse ba wanda ya san sunan wani. Na Jenne kuwa in sun watse sun bar masallaci da sabuwar riga, kuma baɗi su ne dai za su komo.

Ba daidai ba ne a ɓoye wa masu karatu wahalar da ke cikin al'amarin. Hukumar UNESCO ta sa Jenne cikin wuraren tarihi na duniya a 1988, wannan kuwa ya zo da sharuɗɗa, har mai gida ba shi da ikon sāke fasalin gidansa yadda ya so. Da yawa daga mutanen garin sun yi kukan cewa an bar su cikin ɗakuna masu duhu domin baƙi su zo su ɗauki hoto, ga shi kuma tun rikicin 2012 baƙin sun ɗauke ƙafa, kuɗin da ake samu a hannunsu ya tafi, kuɗin yaɓen gida kuwa yana nan kowace shekara. A 2016 hukumar ta mai da garin cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari. Shi kansa yaɓen, da yake ana yinsa da gaggawa da zumuɗi, ya yi ta taruwa bisa juna shekara da shekaru har nauyinsa ya zama wa ginin kaya, sai da aka kankare mai yawa sa'ad da Gidauniyar Aga Khan ta yi babban gyara. Ana cikin wannan gyara ne, a watan Nuwamba 2009, saman ɗaya daga cikin hasumiyoyin ya rufto bayan ruwa mai ƙarfi, aka sāke gina shi. Tun kafin nan ma, a Satumba 2006, da mutane suka hangi waɗansu a bisa rufin suna tono domin duba lafiyarsa ba tare da an sanar da gari ba, tarzoma ta tashi aka yi ɓarnar dukiya. Ba a yabon tarzoma. Amma duk mai hankali ya ga abin da ta nuna: masu gyara sun zo da ilmi da kuɗi da kyakkyawar niyya, suka manta da neman iznin masu abu.

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A Yama, cikin jihar Tawa ta Nijar, mutanen gari suka fara masallacin Jumma'a a 1962 a hannun magini Falke Barmu, wannan ya buga tubali, wannan ya kawo ruwa, wancan ya sari itace, suka yi ta ƙara masa hasumiyoyi har ya sami lambar girma ta Aga Khan a 1986. A Dandaji kuma, cikin jihar guda, da tsohon masallacin ƙasa ya yi wa jama'a kaɗan aka yi niyyar sabo, sai Maryam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka tsara yadda za a mai da tsohon ɗakin karatu, a gina sabon a gefensa da tubalin ƙasa da aka matse da inji, aka kuwa kira maginan gargajiya suka sa hannu. An gama a 2018, ana kiran wurin Hikma. Ga kuma masallacin Jumma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu tun shekarun 1830, wanda masana gini na duniya suka yi ta rubutu a kan bakan gizonsa. A watan Agusta 2023 wani sashe nasa ya rufto ana cikin sallar la'asar, bayin Allah suka rasu. Allah ya jiƙansu da rahama. Duk garin da ke da tsohon ginin ƙasa ya kamata ya tambayi kansa yaushe rabon da magini ya hau rufinsa ya duba azara da indararo.

Maganar ta fi komawa kan attajirai, domin su ne ke gina masallatai da makarantu. Al'ada ta zama in mutum ya sami buɗi sai ya rushe na ƙasa, ya kira ɗan kwangila ya tsai da na bulo da kwano, a yi walima, shi ke nan hannun jama'a ya fita. Niyyar kyakkyawa ce, Allah ya ba da lada. Amma ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa ba a duban kuɗin saye kaɗai, har da kuɗin riƙo. Bangon ƙasa mai kauri yana shanye zafin rana ya sake shi da dare, kwano kuwa da azahar ya zama tanda, sai an nemi fanka, fanka sai da lantarki, lantarki sai da janareta da mai. Kuɗin siminti yana fita gari ya tafi, kuɗin tubali da makuba da katsi yana zagawa tsakanin magini da mai jaki da mai ɗiban ruwa. Masana sun ƙiyasta cewa sarrafa siminti kaɗai yana jawo wajen kashi 8 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya, mutanen bakin hamada kuwa suna cikin waɗanda suka fi ɗanɗana wannan ɗumi. Ba a ce kada a taɓa siminti ba, harsashi da magudana suna bukatarsa, musamman yanzu da ruwa ke zuwa da ƙarfi. Kuskuren da ya kamata a guje shi ne shafa siminti bisa bangon ƙasa, domin yana kulle laima a ciki, waje yana sheƙi ciki yana ruɓewa.

Malamai kuma nasu ya fi sauƙi, tun da mumbari da zaure a hannunsu suke. Aikin gayya ba sabon abu ba ne ga Bahaushe, an yi shi a gona, an yi shi a ganuwa. Liman da mai unguwa da Sarkin Magina suna iya sa rana guda a shekara, bayan an kai amfanin gona gida, kafin hadari ya fara haɗuwa, a yaɓe masallaci da makarantar allo, a yashe magudanar unguwa, a dasa itace a harabar. Masu zanen bango irin na Zariya da Damagaram su fitar da dagi da sauran adonsu, a bar yara su taɓa laka su gwada nasu a bangon baya. Mata su kawo fura da tuwo, attajiri ya ɗauki kuɗin makuba da azara da ladan magina. Inda malamin gari ya ga kiɗa bai dace da ƙofar masallaci ba, sai a yi da waƙen bege ko a bar shi a filin kasuwa. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassauta shi, kamar yadda hasumiyar Jenne ta nuna: kada kowa ya hau bango sai tsohon magini ya riga ya zaga ginin, ya ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi inda za a kankare tsohon yaɓe kafin a sa sabo.