Nono a ruga, madarar gari a shago

Tun da aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta tarayya a 2024, duk majalisar da aka ɗauko maganar kiwo hira ɗaya ce: a kawo shanun Turai, a killace su a manyan gonaki, makiyayi ya daina yawo. To amma akwai tambayar da ban ji ana yi ba. Nonon da aka tatsa yau da asuba a rugage, ina ya tafi?

Bari mu ɗan waiwayi tarihi, don wasu na magana kamar kiwon madara baƙon abu ne da za a koya mana. Saniya dai asalinta wani ƙaton san daji ne mai faɗa. Kimanin shekara 10,500 da suka wuce mutane suka fara horar da shi a gefen kogin Furatu, wajen kudu maso gabashin Turkiyya da arewacin Siriya na yau. Daga nan shanu marasa tozo suka fito. Masu tozo irin namu kuwa, an horar da kakanninsu daga baya a kwarin Indus, inda Pakistan take yanzu. Shi na dajin ya ƙare gaba ɗaya, ta ƙarshe ta mutu a ƙasar Poland a 1627.

Lokacin da Sahara take kore shar, da tafkuna da ciyawa, makiyaya ne cike da ita. A wani kogon dutse da ake kira Takarkori a kudu maso yammacin Libiya, masu bincike sun gano maiƙon madara a jikin fasassun tukwane masu shekara kusan 7,000, suka buga sakamakon a 2012. Ko a nan gida, wanda ya je Birnin Kudu a Jigawa zai ga zanen shanu a jikin duwatsu. Da hamada ta bushe, sai garke ya yi ta gangarowa kudu yana bin ruwa da ciyawa. Kun ga ke nan yawon nan yana da dalili.

Su kansu nono da kindirmo da man shanu da cukun Abzinawa dabarar adana madara ce a ƙasar zafi, tun babu firji. Madarar da ta yi tsami ba ta saurin lalacewa, kuma ta fi sauƙi a cikin babban mutum, tunda da yawanmu ɗanyar madara na ɓata mana ciki.

Duk da wannan gado, a 2019 Babban Bankin Najeriya ya ce muna kashe dala biliyan 1.2 zuwa 1.5 duk shekara wajen shigo da madara. Mai yawa daga cikinta ma an kwashe man asalin, an maye gurbinsa da man itatuwa kamar na kwakwar manja. Ita muke zuba wa yara a shayi, alhali da damina nono na yin yawa a ruga har ya rasa mai saye.

Masu son shanun Turai suna da hujja, ban musa ba. Bunaji a kiwon gargajiya da ƙyar take ba da lita 1 zuwa 2 a rana, ita kuwa Holstein tana iya haura lita 25. Sai dai wannan lita 25 ɗin tana tafe da sharaɗi: abinci mai kyau kullum, ruwa wadatacce, likita a kusa, da inuwa mai sanyi. Kawo ta zafin Sakkwato a watan Afrilu ka bar ta da kara da kaska, ka ga abin da zai rage. Namu irin su Bokoloji da Azawak sun saba da wahalar nan, kuma idan suka ƙoshi suna ƙara nono. A Nijar, tashar Tukunus ta daɗe tana inganta Azawak saboda wannan.

Mu duba Indiya. A 1946 ƙananan manoman garin Anand a jihar Gujarat suka gaji da 'yan kayi-nayi da ke sayen madararsu da arha, suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa, ita ce ta zama Amul. A 1970 gwamnati ta yaɗa tsarin a faɗin ƙasa ƙarƙashin Verghese Kurien. Madarar garin da Turai ta ba su taimako ma sayar da ita suka yi, suka gina wuraren tattara madara da kuɗin. Mace mai saniya biyu ko ɓaunar gida uku za ta kai abin da ta tatsa safe da yamma, a auna, a gwada maiƙonsa, a biya ta. Yau babu ƙasar da ta kai Indiya yawan madara a duniya, kuma ƙananan masu kiwo ne ƙashin bayan abin.

Abin da muka rasa ke nan: hanya tsakanin ƙwarya da kasuwa. Wurin tattarawa kusa da ruga, tankin sanyaya madara mai aiki da hasken rana, hanyar da babur zai bi da damina, da farashin da ba ya canzawa don an ga ka matsu. Wasu kamfanoni sun fara a Kano da Kaduna da Oyo, amma ɗigo ne a teku. Ni a ganina, makiyayin da ke samun kuɗin nono kullum, ga ruwa ga abincin dabba a kusa, shi da kansa zai rage tafiya ba sai an kafa masa doka ba. Amma fa sai an tsare masa garke daga ɓarayin shanu, an kuma ceto makiyayar da dokar 1965 ta ware a Arewa, waɗanda gonaki da gine-gine suka cinye da yawansu.

Sai abu na ƙarshe, wanda masu tsara manufofi ke yawan mantawa. A gidan Bafulatani, shanu na maigida ne amma nono na uwargida ne. Da kuɗin tallan fura da nono take sayen gishiri da sabulu, ta yi wa 'yarta kayan ɗaki. Duk tsarin da zai karɓi madara ya tura kuɗin wayar miji, ya ƙwace wa mata sana'ar da suka riƙe shekaru aru-aru. A yi rajista da sunanta, a biya ta a hannunta.

Don haka idan wakilinku ya zo yana nuna hoton shanun da aka sauke daga jirgi, ku tambaye shi: wuraren tattara madara nawa aka buɗe a mazaɓarmu, kuma mata nawa ake biya? 'Yan uwa na Zamfara, Adamawa, Maraɗi da Damagaram, ku gaya mana yadda ƙwaryar nono take a kasuwarku bana. Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya.