Dajin Falgore: Dukiyar da muke wucewa a guje

A hutun da ya gabata na je Yako gaishe da dangi, daga can na bi ta Kwanar Ɗangora na hau motar Doguwa. Muna wuce Tudun Wada hira ta mutu a cikin mota. Direba ya ƙara wuta, dattijuwar da ke kusa da ni ta ɗauko carbi. Mun shiga Falgore ke nan. Ni kuwa idona na kan itatuwan doka da maje da maɗaci, ina tambayar kaina: yaya aka yi wurin da ya kamata a biya kuɗi a zo gani ya zama wurin da ake roƙon Allah a fita lafiya?

Mai karatu, Falgore ba ƙaramin daji ba ne. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, ya taɓa ƙananan hukumomin Doguwa da Tudun Wada da Sumaila. Tun zamanin Turawa aka keɓe shi da sunan gandun dajin Kogin Kano, daga baya aka mai da shi gandun namun daji. Gaskiya ne, ba kurmi ba ne irin na Kuros Riba, amma wanda ya bi gefen kogin a ƙarshen damina zai ga duhuwar da rana ke shan wahala kafin ta ratsa. Ga duwatsun Riruwai da tsofaffin ramukan kuza a kudu, ga tafkin Tiga a arewa. Tafiyar ƙafa, hawan dutse, shiga kwalekwale, kallon tsuntsaye, kwana a tanti: duk abin da masu yawon buɗe ido ke tsallaka teku dominsa, Allah ya ajiye mana shi a bayan gida.

Na san abin da za a ce: tsaro. Ba na musu. Ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane sun ɓata sunan dajin, har a 2017 sojoji suka mai da shi filin atisaye. Babu mai hankalin da zai kwashi ɗalibai ya kutsa ciki ba da izinin hukuma da rakiyar jami'an tsaro ba. Sai dai bindiga tana korar ɓarawo ne kawai, ba ta hana shi dawowa. Dajin da mutanen kirki suka ƙaurace wa, dole miyagu su gaje shi.

Mu dubi Ruwanda. Baƙo yakan biya dala 1,500 don ya yi awa ɗaya tak yana kallon goggon biri a tsaunukan ƙasar, kuma kashi 10 cikin 100 na kuɗin da gandayen ke samu yana komawa ga ƙauyukan da ke kewaye. Wasu da a da suke ɗana tarko, yau su ne masu ɗaukar kaya da nuna hanya. Sirrin ke nan: an sa maƙwabcin daji ya fi samun riba da dabba mai rai a kan matacciya.

A Yako na zauna da wani tsohon maharbi. Ya lissafa mini gwanki da mazo da gada da mugun dawa, ya kwatanta sawun kowanne a ƙasa da ɗan yatsa, ya faɗi itacen da ake saran saiwarsa idan maciji ya yi sara. Sannan ya yi shiru, ya ce jikokinsa ba su san ko ɗaya ba, gawayi kawai suka sani. Irin wannan dattijo shi ne jarin farko. Kafin a yi zancen otal da ƙofa mai fenti, a horar da maharba da matasan Fulani da manoman gefen daji su zama 'yan jagora masu albashi, a ware wa ƙauyukansu kaso bayyananne. A fara da ƙarami: yini ɗaya, hanya ɗaya da aka tabbatar da lafiyarta, ɗaliban jami'o'inmu na Kano da Wudil a matsayin baƙin farko. Bature zai zo ne bayan ya ga ɗan gida yana zuwa, kamar yadda muke cika Yankari lokacin hutu.

Kada wani ya ɗauka zancen shaƙatawa ne kurum. Kogin Kano ta cikin dajin nan yake bi kafin ya zuba a madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Audu Bako. Idan gatari ya cinye itatuwan, ruwan sama zai kwashe ƙasa ya cike madatsar da yashi, manomin rani a Kadawa da Kura shi zai fara ji a jikinsa. Saboda haka mai tumatir ma yana da haƙƙi a Falgore, ko bai taɓa taka shi ba.

Da muka fito daga dajin, dattijuwar nan ta mai da carbinta jaka, hira ta dawo. Fatana shi ne in ga ranar da direba zai rage gudu a wurin, domin yara su leƙa ta taga.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.