Jijiyar da ta fito a goshi: abin da madubi ke faɗa

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Sau da yawa fuska na ba da labarin lafiya ma, kuma goshi ne kan fara magana. Mace ta duba madubi da safe, ta ga fatar goshinta ta yi sheƙi kamar leda, wasu siraran jijiyoyi jajaye ko shuɗaye sun bayyana. Abin da yawanci kan biyo baya shi ne neman wani man da zai rufe su, alhali tambayar da ta dace ita ce: me ya fito da su?

Ba kowace jijiya ce alamar ciwo ba. Fatar goshi a kan ƙashi take kwance, babu kitse mai yawa a ƙarƙashinta, don haka zafi, motsa jiki, rama ko fushi kan sa jijiya ta taso. Shekaru ma na rage sinadarin kolajin da ke riƙe fata, zafin rana ya ƙara gaggauta hakan, hunturu kuma ya busar da ita.

Sai dai akwai wani sanadi da ba a son ambata, wato man bilicin. Da yawa daga cikin haɗe-haɗen da ake sayarwa a kwalaben da ba su da suna, ko ake shafa wa amare gab da biki, na ɗauke da magunguna masu ƙarfi irin su clobetasol da betamethasone. Na maganin cututtukan fata ne, ana ba da su na ɗan lokaci a ƙarƙashin kulawar likita. Idan aka yi watanni ana shafa su a fuska, sukan hana fata ƙera kolajin, ta yi siriri, ƙananan hanyoyin jini su buɗe su fito fili, ƙuraje da nankarwa su biyo baya. Hydroquinone kuwa, idan aka daɗe a kansa, yakan bar baƙin tabo mai wuyar fita, zaibar da ake zubawa a wasu mayukan kuma tana lalata ƙoda. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Hukumomi sun san da matsalar. Kwaddebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, Ruwanda ta bi sahu, a 2023 kuma hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin lamarin gaggawa ga lafiyar al'ummar Nijeriya. Amma doka ba ta isa ba muddin kantin magani zai miƙa clobetasol ga duk mai kuɗi ba tare da takardar likita ba. Kuma zalunci ne a ɗora laifin a kan mata kaɗai, alhali mazan da ke cewa sai fara, da dangin da ke auna amarya da hasken fata, su ne suka raya kasuwar.

Wadda ta ga alamun nan bayan dogon shafe-shafe, likitan fata ya kamata ta nufa, da kwalbar man a hannu. Dainawa farat ɗaya kan sa fuska ta yi ja da raɗaɗi, abin da ke mayar da mutane da yawa ga man, shi ya sa likita kan rage shi sannu a hankali. Fata na iya farfaɗowa, ko da yake jijiyoyin da suka riga suka buɗe ba kasafai suke komawa da kansu ba.

Akwai kuma yanayin da ba ya jira. Wanda ya haura shekara 50, jijiyar gefen kansa ta kumbura tana ciwo, ga sabon ciwon kai, ga muƙamuƙi na gajiya wajen tauna ko gani na dushewa, asibiti ya kamace shi a ranar, domin kumburin wannan jijiya na iya makantarwa.

Jijiyar goshi saƙo ce daga jiki. Rufe ta da hoda ba ya soke abin da ta zo faɗa.